Ku Tambayi Anti: Sai Na Yi Fari Za A Ga Kyauna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a nan Sakkwato, kuma baƙa ce. Ƙanwata fara ce. Duk inda muka shiga tare, gidan biki ko shago, ita ake fara yi wa fara'a. Har a gida gwaggonninmu na cewa za ta riga ni aure. Wata mai haɗa man shafawa a unguwarmu ta ce cikin sati uku za ta wanke ni tas. Gaskiya zuciyata ta fara karkata. Ki ba ni shawara.
Ɗiyarki daga Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba idonki ba ne ke yi miki gizo, abin da kike gani haka yake. Tun 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Thorndike, ya lura cewa hafsan soja in kurtu ya burge shi da siffa, sai ya ba shi hankali da riƙon amana kyauta. A 1972 wasu masu bincike suka nuna wa ɗalibai hotunan mutanen da ba su sani ba, ɗaliban suka ce masu kyan fuskar sun fi kirki kuma za su fi dacen aiki da aure, alhali ko muryarsu ba su ji ba. Mu kuma muka ɗora namu a kai, wai "farar mace alkyabbar mata". Yarinyar da ta taso tana jin wannan a tsakar gidansu, yaya za a yi ranta bai sosu ba?

Amma ki nisanci haɗin nan, don Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na shafa man ƙara haske, kuma a 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ayyana abin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Abin da ake yawan zubawa a robar da babu ko suna a jikinta shi ne sinadarai masu ƙarfi irin su hydroquinone, da steroid, wani lokacin har da mercury. Steroid na sa fata ta yi siriri, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinki ya ƙi kamawa bayan tiyata. Mercury na taɓa ƙoda, yana kuma isa ga jariri ta ciki da ta nono. Ga ranar Sakkwato, wadda a watan Afrilu zafinta ke haura digiri 40. Baƙin da kike son kankarewa shi ke kare ki daga gare ta.

Na zauna kusa da wata baiwar Allah a gidan suna. Da ta miƙo hannu za ta ɗauki masa, gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, bayan hannun ja-ja, jijiyoyi kore shar a fili. Kumatunta sun ƙone, hoda ta kasa rufewa. Ta yi sauri ta mayar da hannun cikin hijabi. Wallahi tausayinta ya hana ni cin abincin.

Ban hana ki kwalliya ba, mace da gyara aka san ta. Ki yi dilka da kurkum, ki shafa man kaɗe, ki yi kitso, ki turara kayanki. Lalle ki tsaya a ja, don baƙin galibi da rinin gashi ake haɗa shi, yana kuma tayar wa wasu ƙuraje. Ki nemi atamfar da ke karɓar fatarki. Baƙar mace cikin ruwan ƙwai ko ruwan goro abin kallo ce.

Maganar gwaggonni kuwa, ki samu Inna ku biyu ki faɗa mata yadda abin ke ci miki rai. Ita ce za ta iya tsawata musu ba tare da an ce kin yi rashin kunya ba. Kada kuma ki bari wannan ya shiga tsakaninki da ƙanwarki, ba ita ta zaɓi launinta ba.

In har kin riga kin fara shafawa ba ki faɗa mini ba, kada ki yanke shi dare ɗaya, don fatar da ta saba da steroid kan yi bore. Ki je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ki nemi likitan fata, ki tafi da robar man a jakarki ya gani.