Kada ki je kududdufi neman dodon koɗi don kandamin gida

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin haƙa ɗan kandami a lambun bayan gida don kwaɗi da mazari da tsuntsaye su riƙa zuwa, ruwan ya fara yin kore, an kuma ce miki dodon koɗi ke cinye gansakuka, shi ne kike tambayar inda za ki samo su a nan Kano. Ban kai ƙarshen rubutunki ba gabana ya faɗi, balle da na ga wasu har sun ce ki aiki yara kududdufi ko bakin dam su tsinto miki. Don girman Allah kada ki yi. Abin da ya same ni ke nan, kuma a jikin ɗana ya ƙare, ya kamu da tsargiya, cutar fitsarin jini.

Nawa kandamin na siminti ne, zurfinsa iya gwiwa. Bado da kainuwar da na zuba a ciki wurin wani mai sayar da furanni na bakin titi na saya, mun daɗe muna ciniki da shi, har abincin salla nake aika masa. Da gansakuka ta rufe ruwan, shi ya ce yana da maganinta. Ya zo da bokiti cike da ƙananan dodon koɗi. Na tambaye shi daga ina suke, ya rantse shi ke kiwonsu a tankinsa da ruwan rijiyar burtsatse. Na sake tambaya, ya ce, "Haba Hajiya, ni zan cuce ki?" Sai bayan abin ya faru yaron shagonsa ya gaya min a hanyoyin ruwan noman rani na wajen Kura suka kwaso su, da ruwan wurin da lakarsa duka.

Autana yana da shekara bakwai a lokacin. Da an taso makaranta, rana na tsaka, yana bakin ruwan nan, ƙafafu a ciki, yana wasa da 'ya'yan kwaɗi. Ni kuwa daɗi nake ji, ga yaro a gida, ba ya bin unguwa. Wajen wata uku da zuba dodon koɗin na lura yana daɗewa a banɗaki, in ya fito ya riƙa ɓoye wandonsa. Ranar da na bi shi na ga jini na ɗiga a ƙarshen fitsarinsa, wallahi ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi, a nan ƙofar banɗakin na zauna. Ya ce ya kwana biyu yana gani, tsoro ya hana shi faɗa, yana zaton zan ce shi ya ji wa kansa ciwo. Har yau in na tuna maganar nan sai hawaye ya zo min. Daren nan ban runtsa ba, babu ciwon da ban kawo a raina ba, daga ƙoda har sankara. Mahaifinsa yana tafiya, ni kaɗai na yi ta kai da komo tsakanin sallaya da gadon yaron.

Da safe 'yan dubiya kowa da tasa. Wata ta ce zafin rana ne, a ba shi tsamiya. Wata ta ce a nemi tsari, hannu aka sa masa. Wani dattijo a dangi ya ce ba komai, haka maza ke yi in za su girma. Wannan maganar ta daɗe tana cutar yara a garuruwanmu, don tsargiya ta yi yawan da har an ɗauke ta wani mataki na girma.

A asibiti likita ya fara da tambayar inda yaron ke wanka, kogi ko dam ko kududdufi. Na ce ko hanyar kogi bai sani ba. Ya ce to a gida fa, akwai ruwa a kwance? Nan jikina ya yi sanyi. Aka ce a kawo fitsarin tsakar rana, don tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ƙwan tsutsar tsargiya ya fi fitowa, aka kuwa gan shi a madubin gwaji. Aka auna nauyinsa aka ba shi maganin tsargiya, furazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo, bayan ya ci abinci. Ya yi jiri da ciwon ciki, ya yi amai, amma Alhamdulillahi jinin ya tsaya. Likitan ya sa muka koma bayan 'yan makonni, don maganin bai cika kashe tsutsar da ba ta balaga ba. Ya kuma ce a gwada duk wanda ya taɓa ruwan. Yarinyar da ke taya ni aiki, wadda ke kwashe ganye daga kandamin da hannu, ita ma aka same ta da shi, alhali ba ta taɓa ganin jini ba.

Na koma wurin mai furannin, ba don kuɗin magani ba, so nake kawai ya ce ya yi kuskure, ya daina sayar wa mutane. Kin san abin da ya ce? "Hajiya, ai kowa ya yi tsargiya yana yaro, ga mu kuma da ranmu." Ko sannu bai ce ba, ko ya jikin yaron. Ina tsaye wani bokitin na ajiye a gindin bishiya yana jiran mai saye. Na yi masa magana har muryata ta dushe, mutane suka taru, shi ko a jikinsa. Na bar shi da Allah, amma zuciyata ba ta huce ba, don ban san gida nawa ya kai wa bayan nawa ba.

Shawarar zuba dodon koɗi a kandami daga mutanen Turai ta fito, su kuma ruwansu ba namu ba ne. A Ingila shagunan kayan lambu ke sayar da su, ba su da tsargiya a can. Mu kuwa Nijeriya ce ake lissafawa a gaba wajen yawan masu cutar a duniya, kuma inda aka tare ruwa don noman rani, irin su Tiga da Kadawa da Bakolori, nan dodon koɗin ke samun wurin zama. Tsutsar ba ta iya tashi daga mutum ta shiga mutum kai tsaye, dole sai ta bi ta jikin dodon koɗi. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, bayan wata guda ko fiye ya fara sakin 'ya'yan tsutsa masu ɗimbin yawa kullum, musamman da tsakar rana. Ido ba ya kama su. Fata suke hudawa, ba sai an sha ruwan ba, ba sai da ciwo a jiki ba. In aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, har takan kai ga sankarar mafitsara, mata kuma takan taɓa mahaifa.

Na zauna na koyi kamanninsu bayan haka. Mai kawo fitsarin jini, Bulinus, ƙarami ne, in aka tsayar da tsinin katantanwarsa sama bakinta na kallonki, za ki ga bakin yana hagu. Mai kawo tsargiyar hanji, Biyomfalariya, a kwance yake a naɗe kamar gammo, kuma danginsu ɗaya da wanda za ki gani a hotunan lambunan Turawa, shi ya sa mutum zai iya cewa ai ga shi na samu. Akwai na uku mai tsini, bakinsa a dama, shi ke ɗauke da tsutsar hantar shanu da tumaki. In kina da awaki a gida, ko rago na layya da zai sha daga wurin, ki sa wannan ma a lissafi. Manyan nan masu murfi a baki ba sa ɗaukar tsargiya, sai dai za su cinye miki ganyen bado, kuma ruwan da aka ɗebo su a ciki da ƙananan da ke maƙale musu su ne haɗarin. Ni dai ba na yarda da idona a kan wannan, balle idon yaron da za a aika.

Gansakukar ma ba su gama min da ita ba. Suna kankare ta jikin bango, amma koren ruwan yana nan. Rana ce da ruɓaɓɓen ganye da taki ke ciyar da ita. Da na sake gina nawa, sai na bar bado ya rufe fiye da rabin ruwan, na sa rumfar zana ta ɓangaren yamma, na daina bari ruwan ban furanni mai taki ya gangara ciki. Kainuwa na shanye abincin gansakuka sosai, sai dai tana yaɗuwa da sauri, ki riƙa rage ta. Gansakuka mai zare-zare kuma da sanda ake naɗe ta a fitar. Sabon kandami dama yakan yi kore kafin ya daidaita, ki ba shi lokaci. Mazari da kwaɗi da kansu suka zo, ban gayyaci kowa ba.

Tsiron da za ki saya ma ki juya bayan ganyen, za ki iya ganin ƙwan dodon koɗi manne, wani abu mai yauƙi da ɗigo-ɗigo a ciki. Ki sa safar hannu ta roba ki goge, ki wanke saiwar, ki ajiye tsiron a baho daban na wasu makonni ki ga abin da zai fito. Wanda aka ƙyanƙyashe daga ƙwai ba ya gadon cutar, wannan gaskiya ne. Amma in yana cikin ruwanki, yaro ɗaya mai tsargiya cikin 'ya'yan maƙwabta ya yi fitsari a ciki ya isa. Kuma ɗaya tak kan iya cika kandami, don kowannensu mace ne kuma namiji. Zubar da ruwa kawai ba ya kawar da su, suna lafewa a laka su jira damina. Ni sai da na sa aka kwashe lakar kaf, aka kankare simintin, ya sha ranar bazara. Kada a ba ki maganin kashe su ki zuba, yana kashe kifi da 'ya'yan kwaɗi.

Sauro ma ki kula, mai kawo zazzaɓin cizon sauro ruwa mai tsabta da rana ke bugu yake so. 'Yan ƙananan kifaye kaɗan sun isa su cinye tsutsarsa. In kuma akwai mai rarrafe a gidan, a kewaye wurin da waya yau ɗin nan, ruwa kaɗan ya isa ya halaka jariri, Allah ya kiyaye.

Ba ki faɗa ba ko kainuwar da ke cikin naki daga kududdufi aka ɗebo ta. In daga can ne, ki hana yara taɓa ruwan tukuna, ki haska tocila da daddare ki duba bango da bayan ganye. In kin ga ko ɗaya, ki kai duk wanda ya sa hannu ko ƙafa a ciki a gwada fitsarinsa da bayan gidansa, ki gaya wa likita lokacin da suka fara taɓa ruwan, don ƙwan ba ya fitowa a gwaji sai bayan wata biyu zuwa uku.