Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Ɗalibai a Gida Lokacin Hutu

Tambaya: Likita, ni malami ne a makarantar kwana, kuma muna da ɗalibai masu sikila da masu asma. Me ya kamata mu yi musu kafin su tafi dogon hutu?

Amsa: Malam, kowane yaro ya tafi da takarda mai ɗauke da sunan ciwonsa, da magungunansa, da lambar malami ɗaya da ya amince a kira shi ko da tsakar dare. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa, mai sikila kuma a jaddada wa iyayensa cewa zazzaɓi ko ciwon ƙirji na nufin asibiti a ranar. A rubuta lambar gaggawa ta 112, amma a tanadi mai mota ko mai adaidaita na unguwa tun da wuri.

Tambaya: Yarona yana wanka a kududdufi tun da aka yi hutu, yanzu yana fitsari da jini. Kakarsa ta ce alamar girma ce.

Amsa: Tsargiya ce, ba ruwanta da girma. A kai shi a gwada fitsarinsa, a ba shi maganin praziquantel gwargwadon nauyinsa ko tsayinsa, a kuma raba shi da wannan ruwa, wanda yake cin yaran da ba su iya iyo ba kowace damina.

Tambaya: Ɗana yana ajin ƙarshe na sakandare. Mahaifinsa ya rasu a shekarar korona, tun daga nan ya zama mai shiru. A makaranta akwai malamin da yake jan sa a jiki, amma da zarar an yi hutu sai ya kulle kansa a ɗaki, ba ya cin abinci sosai, ba ya barci. Shekaranjiya ƙanwarsa ta ji yana cewa gara ya mutu ya huta. 'Yan uwa sun ce iskokai ne, ana yi masa hayaƙi, kawunsa kuma ya ce sangarta ce, bulala za ta gyara shi.

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙan mahaifinsa. Wannan wasiƙa ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ina roƙonki kada ki jira ƙarshen mako: ki kai shi asibiti yau. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon damuwa mai tsanani, wanda cuta ce kamar hawan jini ko ciwon sukari, kuma tana da magani. Maganar mutuwa daga bakin yaro mai wannan hali ba abin da za a ce bari mu gani ba ne.

Ɗanki ba shi kaɗai ba ne. An rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020, akasarinsu ba su buɗe ba sai wajen Oktoba, yara suka yi fiye da wata shida ba aji, ba abokai, wasu kuma suka rasa iyaye ko sana'ar gidan ta karye a kan idonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Manya sun koma kasuwa da ofis, aka ɗauka komai ya wuce, ba a tambayi yaran abin da ya rage a zuciyarsu ba. Makaranta ita ce take riƙe irin ɗanki, domin akwai lokacin tashi da lokacin cin abinci, akwai kuma idon malamin da ya san shi. Hutu yana ɗauke duk wannan a rana ɗaya, shi ya sa ciwon yake fitowa fili a gida.

Ba na hana addu'a, ku yi ta yi, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. Amma hayaƙin nan da ake turara masa a ɗaki rufe yana cutar da huhunsa, yana kuma ƙara masa jin cewa shi abin tsoro ne a gidansu. Batun bulala kuwa, a gaya wa kawunsa cewa likita ya ce kada ya kuskura. Ban taɓa ganin duka ya warkar da damuwa ba, abin da na gani shi ne yaran da suka daina magana gaba ɗaya bayan an doke su. Kuma kada wani ya ba ki shawarar kai shi gidan mari, bayan abin da duniya ta gani a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

A daren nan ki zauna da shi ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa yaro wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ki saurara, ban da faɗa, ban da gori. A fitar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Ki kira malamin nan nasa ko da hutu ake yi. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin ɗanki mahaukaci ne. Idan sun yi miki nisa, ki fara da babban asibitin da ke kusa. In an ba shi magani, yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma a makonnin farko ne ake ƙara sa masa ido. Ina sake faɗa, Hajiya, yau za a kai shi.

Tambaya: Ƙaramin ɗana ya sha kananzir da aka zuba a robar lemo, muka ɗura masa manja ya yi amai. Mun yi daidai?

Amsa: Ba ku yi daidai ba, kuma na gaji da ganin wannan kuskure duk lokacin hutu. Amai ne yake tura kananzir cikin huhu, can ne kuma yake yin kisa. Ba manja, ba madara, ba sa yatsa a maƙogwaro. Ko da kun ga kamar ya warware, a kai shi asibiti yanzu, musamman in yana tari ko numfashi da sauri.

Tambaya: 'Yata ba ta samu rigakafi ba saboda kullen korona. Yanzu tana zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuyanta ya kumbura, an ce a kira wanzami ya cire mata beli.

Amsa: Kada aska ta taɓa maƙogwaron yarinyar nan. Wannan yana iya zama mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ya fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba, kuma yana toshe numfashi. A raba ta da sauran yara, a kai ta asibiti yau, a tafi da katin rigakafin ƙannenta domin a cike musu allurar da suka rasa, kyauta ake yi.