Amsa: Garin da ya haɗa abincin gargajiya da tarihi a Japan

Malam, ka tambayi garin da za ka ɗanɗana abincin gargajiya ka kuma ga tarihi cikin kwana biyu. Shawarata ita ce Kanazawa, tafiyar kusan awa biyu da rabi daga Tokyo a jirgin ƙasa mai gudu.

Zuriyar Maeda ce ta mulki yankin a zamanin Edo (1603 zuwa 1868), kuma arzikin shinkafarsu ya raya girkin da ake kira Kaga. Ka fara da kasuwar Omicho, wadda take ci tun 1721, domin kifi da kaguwa, sannan ka zaga lambun Kenrokuen. Da dare ka nemi jibuni, wato naman agwagwa da aka barbaɗa wa fulawa aka dafa har romon ya yi kauri; a ganina shi ne ainihin ɗanɗanon garin.

Kuskuren da baƙi Musulmi suke yawan yi shi ne ɗaukar cewa duk abincin da ba alade halal ne, alhali ana zuba giyar shinkafa da mirin (wata giyar shinkafa mai zaƙi ta girki) a yawancin romo, kuma yankan agwagwar ma abin tambaya ne. Ka je ofishin baƙi na tashar jirgin Kanazawa, su taimaka maka ka bayyana abin da ba ka ci cikin Japananci kafin ka zauna cin abinci.