Wace na'urar eliptikal ta dace da gidan da wuta ba ta zama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, shekaruna 48. Ina fama da ciwon gwiwa da hawan jini, likita kuma ya ce in rage ƙiba, amma fita tattaki a kan titi ba abu ba ne mai sauƙi ga mace a garinmu. Ɗana da ke Kano ya ce zai saya mini na'urar motsa jiki ta eliptikal, sai dai wutar lantarki ba ta zama a wajenmu. Wace iri za mu nema?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma yi wa yaron albarka. Shawarar tasa tana kan hanya, domin a kan wannan na'ura ƙafa ba ta barin matakinta, zagaye kawai take yi mai siffar ƙwai, saboda haka gwiwa ba ta shan dukan da take sha a wajen gudu. Kamfanin Precor na Amurka ne ya fito da ita kasuwa a shekarar 1995, kuma tun daga lokacin masu ciwon gaɓoɓi suka karɓe ta. Amma idan gwiwar tana kumbura ko tana ƙagewa, a fara nuna ta ga likitan gashin ƙashi a asibiti kafin a kashe ko kwabo.

Batun wuta ya riga ya rage miki zaɓi, kuma a ganina hakan alheri ne. Akwai wadda ake ƙara mata ƙarfi ta hanyar danna maɓalli, wadda yawanci sai an jona ta da wuta, akwai kuma wadda ake murɗa mata wani ɗan maƙulli da hannu, maganaɗisu ya matso kusa da faifan ƙarfen da ke juyawa a ciki, tafiyar ta ƙara nauyi. Ta biyun ce taki. Ba ta buƙatar komai sai ƙananan batura biyu na allon da ke nuna mintuna, kuma ko baturan sun mutu na'urar tana aiki. A guji mafi arha, wadda bel ne yake goga faifan, domin bel ɗin yana cinyewa, tafiyar tana fizga, ga ƙara da za ta tashi mutanen gida da asuba. Idan kuma ta gwanjo ce mai jona wuta, a duba rubutun da ke jikinta: wadda aka yi don Amurka tana aiki ne da wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce, jona ta kai tsaye ƙona ta ne.

Abin da ya fi komai muhimmanci, wanda mai shago ba kasafai yake ambata ba, shi ne tsawon taku, wato nisan da mataki yake tafiya daga ƙarshen gaba zuwa ƙarshen baya. Ƙananan na'urori masu arha sukan tsaya a inci 13 ko 14, kuma a irin wannan gajeren taku mutum sama da ƙasa yake yi maimakon gaba da baya, gwiwa tana lanƙwashewa fiye da kima, abin da ake gudu shi ake komawa. Ga mace mai matsakaicin tsayi inci 16 zuwa 18 ya wadatar, idan kuma maigida ko wani dogo a gidan zai riƙa hawa, a nemi 18 zuwa 20. Ɗanki ya tafi da tef irin na tela ya auna da kansa. Ya kuma duba tazarar da ke tsakanin matakan biyu, domin idan ta yi faɗi ƙwarai, ƙugu da gwiwa ne za su biya.

Daga nan sai ƙarfin ginin. Kowace na'ura tana da iyakar nauyin da take ɗauka, yawanci kilo 100 zuwa 120 a ƙananan, manyan kuwa har 150. A zaɓi wadda iyakarta ta ɗara nauyinki da aƙalla kilo 15 ko 20. Faifan ciki ma idan ya kai kilo 7 zuwa sama, juyawar ta fi santsi. Mafi kyau ki je Kano ki hau da kanki na minti biyar: idan tana rawa, ko kina jin ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin ƙafa, to boris ya ci ko noti ya saki. Allon da ke ƙirga abin da jiki ya ƙona da bugun zuciya kada ya ruɗe ku ku ƙara kuɗi, lissafinsa kintace ne.

Akwai abin da mutanen birni ba sa tunawa da shi, wato ƙurar hunturu. Na'urar da matakanta suke gudu da ƙananan tayoyi a kan dogo tana tara ƙura a kan dogon, tayoyin su soma ci. Wadda faifanta yake baya, matakan suna rataye a jikin sanduna, ta fi jure yanayinmu, kuma duk mai gyaran babur zai iya canza mata boris ya sa giris. A ajiye ta a ɗaki mai daɓen siminti da ya miƙe, a lulluɓe ta da tsohon zani bayan an gama. A auna wurin tukuna, domin tsawonta yakan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma tana ɗaga mutum sama da kimanin santimita 30 zuwa 40, don haka kada a kafa ta a ƙarƙashin fanka ko a ɗaki mai gajeren rufi.

Wajen amfani, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato kamar minti 30 sau biyar. Ba a nan za ki fara ba. Ki fara da minti biyar zuwa goma a mafi sauƙin ƙarfi, da safe ko bayan la'asar sakaliya, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan, a gwargwadon da numfashinki zai ƙaru amma kina iya magana. Ki sa wando da takalmi mai rufe ƙafa, domin zani da dogon hijabi suna iya sarƙewa a sandunan, kuma a hana yara ƙanana matsowa, saboda wurin da ƙarfen yake haɗuwa yana datse yatsa. Ki ci gaba da shan maganin hawan jininki, idan kuma kika ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi yana sarƙewa, ki sauka nan take ki nemi asibiti.

Idan kuɗin da ke hannu ba zai kai ga mai isasshen tsawon taku ba, ni dai na fi son a saya miki keken motsa jiki na zaune mai maganaɗisu. Ya fi arha, ba ya cin wuri, shi ma ba ya buƙatar wuta, kuma da yake a zaune ake tuƙa shi, nauyin jiki ba ya sauka a kan gwiwa.