Baƙar lakar Jazira ba ta jin kunyar furfura

Ka ce maigidan da kake wa aiki ya sa an haƙa harsashi iya gwiwa a baƙar laka, kana tambaya ko ka yi magana, ko kuwa rashin kunya ne. Zauna, ɗana. Ka fama mini mikin da ya haura shekara talatin bai warke ba.

A 1988 na samu kwangilata ta farko a nan Wad Madani, babban birnin jihar Jazira a ƙasar Sudan, gidan wani ɗan kasuwa, ɗaki huɗu na jan bulo. Na riga na san halin ƙasar nan. Da rani tana darewa har hannu ya shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga duk abin da ke kanta. Auduga take so, shi ya sa Turawa suka gina madatsar Sinnar a 1925 suka jawo mata ruwa, amma gini ba ta ƙaunarsa. Shawarata ita ce mu sauke ginshiƙai can ƙasa inda danshi ba ya canzawa, mu ɗaure su da katangar kankare da rodi, mu bar 'yar tazara tsakaninta da laka, mu cike da yashi.

Ranar da za a ja igiya sai ga wanda ya koya mini sana'a, mai gidan ne ya gayyato shi ya sa albarka. Ya leƙa ramin ya ce almubazzaranci ne, wai tun ba a haife ni ba yake gini. A gaban leburorina ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mai gidan da ya ji kuɗin rodi zai ragu, nan take ya goyi bayansa. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba." Wannan kalmar ce ta cinye ni.

A daminar nan aka yi ruwan da ya rusa gidaje a Khartum cikin watan Agusta, mu ma muka samu rabonmu. Kafin rani ya tsaya bangon gabas ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa, ƙofofi suka ƙi rufuwa. Mai gidan ya hana ni ragowar kuɗina, ya rantse bai taɓa jin na kawo zancen ginshiƙi ba. Dattijon ya ce ƙaddara ce, ya koma gida. Filin da mahaifina ya bar mini na sayar na biya masu bulo da leburori. Shekara biyu ana nuna ni a kasuwa, ga maginin da gininsa ya dare. Allah ya jiƙansa, ya koya mini riƙon cokali, amma har gobe ban huce ba. Daga nan ban ƙara gini a laka ba sai yadda na gani, kuma ka je ka duba gidajen.

Kada ka ji wannan kanka ya kumbura. Yaran yanzu kun fi mu baki, ku ga abu a waya ku zo kuna musu alhali ba ku taɓa ɗaukar kwanon kankare yini guda ba.

Gobe da sassafe, kafin leburori su iso, ka ja maigidanka gefe, ba a gaban mutane ba. Ka ɗebo laka daga ramin ka cika gwangwani, ka yi alama, ka zuba ruwa ka bari ya kwana, ya gani da idonsa. Ka kai shi gidajen da suka tsage a layin. In ya ƙi, ka sake faɗa a gaban mutum biyu masu shaida. Ka kuma gaya wa mai filin ya nisanta darbejiya da magudanar ruwa daga jikin bango.