Hukuncin Zuba Kuɗi a Kan Gasar Waƙa ta Eurovision

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila. Duk watan Mayu abokan zamana sukan zuba kuɗi a kamfanonin caca kan ƙasar da za ta lashe gasar Eurovision. Ni ma na taɓa sa fam 20, kuma na ci riba. Sun ce wannan ba caca ba ce, sani ne da lissafi. Mene ne hukuncinsa, kuma yaya zan yi da kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya.

Wannan caca ce, kuma haramun ce. Malamai ba su yi saɓani ba cewa duk yarjejeniyar da mutum zai sa dukiyarsa a kan abin da bai san ƙarshensa ba, ko ya ci ta wani ko a ci tasa, ita ce maisir, wato caca. Allah ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya ce ku nisance shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce duk wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Ka lura, gayyata kawai, tun ba a sa ko sisi ba.

Maganar sani kuwa, bari mu tsaya a kanta, don ita ce ke ruɗin matasa. Gaskiya ne gasar tana da tarihi tun 1956, lokacin da aka fara ta a Lugano ta ƙasar Suwizalan, kuma masu bibiya sun san wasu al'adu, kamar yadda Girka da Cyprus suka saba ba juna maki 12, wato maki mafi yawa. To amma wa ke yanke hukunci? Alƙalan ƙasashe da miliyoyin masu kallo da ke kaɗa ƙuri'a ta waya a dare guda. Kai ba ka rera ba, ba ka da iko da zuciyar ko mutum ɗaya a cikinsu. A 2025 a Basel, kamfanonin caca sun fi ba Sweden fata, amma Austriya ta lashe. A 2024 a Malmo ma Kuroshiya suka sa gaba, Suwizalan ta ɗauka. Ko da hasashenka ya dace, ribar da ta shigo wayarka daga ina ta fito? Daga aljihun wani ne da ya kwana da baƙin ciki, bayan kamfani ya zare rabonsa. Ba ka sayar masa da komai ba, ba ka yi masa aiki ba. Wannan shi ne cin dukiyar mutane da ɓarna.

Wani zai kawo maka cewa Shari'a ta yarda da kyauta a gasa. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya taƙaita ta a kan kibiya da raƙumi da doki, kuma wannan tsakanin masu gasar ne da kansu, ba 'yan kallo masu zuba kuɗi a gefe ba. Yarjejeniyar zuba dukiya da Sayyidina Abubakar ya yi da Ƙuraishawa kan nasarar Rumawa kuwa, mafi yawan malamai sun ce kafin haramci ta faru.

Ban shiga batun kiɗa da shigar da ake yi a dandalin ba, domin ko musabaƙar Alƙur'ani aka zuba wa kuɗi ta wannan hanya, hukuncin bai canza ba. Haka kuɗin tayi da kamfani ke ba sabon shiga, tarko ne, kada ka taɓa.

Kuɗin da ke hannunka: ka cire fam 20 ɗinka, ribar ka ba mabuƙaci ko ka sa a wata maslaha ta jama'a, da niyyar rabuwa da haram, ba neman ladan sadaka ba. Ka tuba, ka rufe asusun, ka goge manhajar yau, kada ka jira Mayu ta zagayo. Idan abokanka sun sake kiranka, ka faɗa musu dalilinka cikin ladabi.

Wallahu a'alam.