Amsa ga mai tambaya kan ɗigo-ɗigon da suka feso wa maigidanta bayan ciwon maƙogwaro

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Yadda kika faɗa, wai ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ya warke, sati biyu bayan nan wasu ɗigo-ɗigo suka feso masa daga idon sawu har cinya, gwiwa ta kumbura ga murɗawar ciki, kina tambaya ko ƙuraje ne ko sammu, to wallahi irinsa nawa mijin ya yi, kuma likita ya ce kumburin ƙananan jijiyoyin jini ne, baskulaitis suke ce masa, nau'in IgA.

Bayanin da aka yi mana shi ne, bakteriyar da ta kama maƙogwaron ita ta tayar da garkuwar jiki, to bayan an gama faɗan sai sinadarin da jiki ya haɗa don yaƙin, wato shi IgA ɗin, ya je ya lafe a bangon ƙananan jijiyoyi, su kumbura jini ya riƙa tsattsafowa ƙarƙashin fata. Shi ya sa ba ya yaɗuwa, ki daina ware masa kwano. Ki shafa wajen za ki ji ya ɗan taso, ki danna gilashin kofi a kai za ki ga bai dushe ba, kuma a fatarmu ba ja yake fitowa ba, duhu-duhu ne kamar an ɗiga tawada.

Amma abin da nake so ki riƙe, fatar ba ita ce abin tsoro ba, ƙoda ce. Yara aka fi sani da ciwon nan kuma yawancinsu warkewa suke ras, babba kuwa ya fi taɓa masa ƙoda, kuma a ɓoye yake yi babu zafi babu komai. Mijina ɗigon ya bushe har ya koma kasuwa, fitsarinsa fes a ido, amma da aka tsoma wannan 'yar takardar gwajin sai ga jini da furotin. Don Allah ku je asibiti ba kemis ba, a gwada fitsari da hawan jini da aikin ƙoda, kuma ku ci gaba da komawa ko da ya ce ya warke, mu wata shida likita ya ɗibar mana. Maza da taurin kai ne a nan, ke za ki tsaya.

Maganin ciwon gaɓoɓi irin su diklofenak da ibuprofen kar ya sha sai likita ya ga sakamakon ƙoda, haka jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Prednisolone ma, maganin rage kumburi, ba a saya da ka, mu an ba shi ne saboda ciwon cikin kuma a hankali aka riƙa rage masa. Ki tafi da kwalin duk maganin da ya sha lokacin maƙogwaron, don wani lokacin maganin ne ke tayar da abin.

In kika ga fitsari ya koma kalar shayi ko yana kumfa sosai, ko jini a bayan gida, ko fuska ta kumbura da safe, kar ku kwana a gida. In kuma ɗigon ya haɗu da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, wannan sanƙarau ake tsoro, a sa shi a mota nan take.